Rabin Kiɗan da Ke Hannun Nengah Rauh

Duk wanda ya taɓa ratsa Umasela ya ga Nengah Rauh, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan da ke fitowa da hantsi riƙe da doguwar gora mai farin ƙyalle a kai, agwagi sittin na biye da shi a layi zuwa gonakin shinkafa. Mutum ne mai mantuwa, mantuwar ma ba ta wasa ba. Matarsa Rinten za ta aike shi kasuwa sayen gishiri da barkono da man kwakwa, ya dawo mata da gishiri da labarin zakaran wani. In zai kira jikansa, sai ya bi sunayen jikokin kaf kafin ya faɗa kan wanda yake nufi. Amma fa wannan mutumin ne ya shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da rabin kiɗan da ya fi kowanne wuya a ƙauyenmu, bai taɓa zubar da bugu ɗaya ba.

Rakiyar Ruwa ake ce wa kiɗan. A duk faɗin Bali ban san wani gari mai irinsa ba. Ana yinsa ne a bikin haikali, duk bayan kwana ɗari biyu da goma, lokacin da aka sauko da kujerun alloli zuwa idon ruwa. Ba a rubuta shi, ba a ɗaukarsa a kaset. Mutum biyu ke jansa, kowa da gangsa a gabansa, wato farantan tagulla goma a jere bisa gorori. Dama na bugu da 'yar guduma, hagu na bi yana tsuke farantin da aka buga don ya yi shiru. Saurin kiɗan ya fi ƙarfin hannu ɗaya, shi ya sa aka raba shi biyu: ɗaya ya yi kira, ɗaya ya yi amshi a cikin 'yan ramukan da mai kira ya bari. In sun dace, ka rantse mutum ɗaya ne mai hannu huɗu.

Pekak Gejer ne ya koya musu, Rauh da Gede Mendra, tun Rauh na da shekara sha shida, Mendra na da sha bakwai. Pekak, wato kaka, haka kowa ke kiransa: tsoho ne ba haƙori, bakinsa ja wur da taunar ganye, ga faɗa kamar zakaran da aka ɗaure. Mendra ya fara ɗauka. Wata guda cur yana zaune gaban Pekak, tsohon na ba shi bugu huɗu, a maimaita har gumi ya jiƙa zane, sannan a ƙara huɗu a ɗaura su kan na baya. Da haka kiran ya zauna wa Mendra daram, har yana rera shi a hanyar rafi.

Da aka zo kan Rauh, sai tsohon ya sake salo. Bai ba shi ko bugu ɗaya shi kaɗai ba. Ya zaunar da shi gwiwa da gwiwa da Mendra, ya ce Mendra ya buga, shi kuma ya kama wuyan hannun Rauh yana jefa shi cikin ramukan.

"Me kake motsa leɓe? Ƙirga kake yi?" in ji shi. "Ɗan banza, wa ya ce ka ƙirga? Kafin ka ce uku an kai bakwai. Ka saurari wancan mai ƙaton kan, inda ya bar maka wuri ka shiga."

Haka abin ya shige shi. Ba bugun kaɗai ya shiga ba, ya shiga ne tare da duk abin da ke kewaye da shi: yadda kafaɗar Mendra ke sauka kafin kiɗan ya hau, yadda yake jan hanci in an kusa wuri mai wuya, ƙanshin tabarsa mai kanumfari, da gwiwarsa da ke zungurar ta Rauh in za a juya. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda amshi ke yin shiru har bugu bakwai, sannan ya faɗo daga sama. Pekak ya ce nan ne alloli ke sa ƙafa cikin ruwa, rashin kunya ne a cika musu kunne. Wannan kam Rauh ya riƙe shi da ka, don labari ne, sauran kuwa duk a hannu suke. Da Pekak ya mutu, su biyun nan kaɗai suka rage da kiɗan, kowa da rabinsa.

Rauh bai san yadda abin yake zaune a jikinsa ba sai shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Mendra wata biyu. Biki ya matso, ya ce bari ya je rumfar taro ya motsa hannu. Ya zauna, ya ɗaga guduma, ya yi bugu tara, sai abu ya tsaya cik. Ya sake, tara. Ya sake, tara. Ya nemi na goma sama da ƙasa, kamar ba a taɓa halittarsa ba. Ya tashi ya nufi gidan Mendra, ya same shi kwance a kan gadon gora yana shan kunun shinkafa, ya jira matarsa ta fita sannan ya ce a hankali:

"Bli, na shiga uku. Kiɗan ya gudu."

Bli, wato yaya, da haka yake kiransa tun suna yara. Mendra ya ajiye ƙoƙo, ya shiga ƙwanƙwasa kiran da ɗan yatsa a jikin gadon. Kafin ya yi nisa, hannun Rauh ya kama amshi a kan cinyarsa, tiryan-tiryan har ƙarshe. Mendra ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shi kuma Ngah yake ce wa Rauh, gajeren Nengah.

"Kai dai agwagwa ne, Ngah, sai ka ga gora kake tafiya! To mene ne na damuwa? Ga gorarka nan kwance, ba yanzu za ta mutu ba."

"Kada kowa ya ji, Bli."

"Wa zai ji? Daga ni sai kai sai gadon nan."

Shekara ashirin maganar tana binne. Mendra ya zama masassaƙi mai suna, mai baki, wanda in ya yi magana a taro ake gyaɗa kai. Rauh yana nan da agwaginsa. Sun aurar da 'ya'ya tare, sun ɗauki gawar iyaye tare, zakara ɗaya suke goyon baya ranar karon zakaru. Rinten kan ce da za a tsaga cikin mijinta, Mendra za a fara gani kafin ita.

Sai Darsa ya dawo. Ɗan Mendra ne na fari, ya haura talatin, ya yi shekaru a makarantar kiɗa a birni, ya dawo da takardar shaida da gilashi da ladabi, aiki ne dai babu. Yaron kirki ne, gaskiya, ba na ƙara masa laifin da ba nasa ba. Uban ya koya masa kiran. Amshi kuwa, tunda uban bai iya ba, sai Darsa ya zauna da takarda ya cike ramukan bisa ƙa'idar da aka koya musu. Ka ji wani abu: shekara arba'in amshin nan na shiga kunnen Mendra na dama, amma ko bugu biyar ba zai iya kawowa ba, don hankalinsa bai taɓa tsayawa a kai ba. In an yi daidai ya san daidai ne, in an kauce ya san an kauce, iyakarsa ke nan.

Wata rana da la'asar Rauh na dawowa da agwagi ya ji Rakiyar Ruwa na tashi daga rumfar taro, da amshi a ciki. Ya kafa gorar a bakin hanya ya shiga. Uba da ɗa ne, gwiwa da gwiwa.

"Wannan kuma mene ne, Bli?"

"Motsa hannu muke yi. Ya ka ji shi?"

"Na ji tukwane na faɗowa daga kan shiryayye. Ba shi ba ne. Inda ya kamata a yi shiru ma, ɗanka surutu yake zubawa."

Darsa ya sunkuyar da kai ya ce, "Bapa," wato baba, "ai bisa ƙa'ida na bi."

"Ƙa'idar wa? Pekak ya san ƙa'idarku?"

Mendra ya ci gaba da naɗa tabarsa. Kwana uku bayan haka aka buga gungumen kiran taro. Magidanta suka cika rumfa, mai unguwa ya ce an kawo masa magana: wai Rauh ya tsufa, mantuwarsa ta yi yawa, ana tsoron ya kunyata gari gaban alloli, ga kuma matashi ya iya amshin. Rauh ya miƙe ya ce abin da matashin ya iya ba kiɗan Pekak ba ne, ƙirƙira ce. Hayaniya ta kaure. Mai unguwa ya juya wajen Mendra ya ce, "Kai ne ka zauna da su duka biyun. Me ka gani?"

Rauh ya saki ransa, har da ɗan murmushi, don ya san Bli ba zai yi ƙarya a kan kiɗa ba. Ai kuwa bai yi ƙarya ba. Abin da ya yi ya fi ƙarya muni.

"Ni ba zan shiga tsakanin ɗana da ƙanena ba," in ji Mendra, idonsa na kan tabarsa. "Abin ai mai sauƙi ne. Kowa ya zauna shi kaɗai ya buga amshin, jama'a su ji. Ni zan koma gefe, kada a ce na taimaki wani."

Rumfa ta ɗauka da yabo. Kai, Mendra adali ne! Kai, ko ɗansa bai goya wa baya ba! Mutum ɗaya ne a wurin ya san abin da aka yi, kuma shi aka yi wa. Maganar da ya raɗa a bakin gadon gora, ita ce aka ajiye shekara ashirin aka fito da ita a gaban mutane, ba tare da an furta ko kalma ɗaya daga cikinta ba.

Darsa ya fara. Ya buga nasa tsaf daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, tunda shi ya gina abinsa ɗaki-ɗaki, ya san inda kowane bugu yake. Sai aka miƙa wa Rauh guduma. Ya zauna. Gefensa na hagu, inda gwiwa ta saba zama, iska ce kawai. Ya yi tara, ya tsaya. Ya goge tafinsa a zane, ya sake, tara. Wani daga baya ya ce, "Sauran, agwagi sun cinye!" aka fashe da dariya. Gumi ya keto masa. Ya ɗaga kai ya dubi Mendra, ya zubar da girmansa ƙasa ya ce:

"Bli, buga mini kiran. Ko da ɗan yatsa ne."

Mendra ya dubi ƙasa. "An ce kowa shi kaɗai, Ngah."

Ya ajiye gudumar a hankali a kan faranti, ya fita. Ranar ko hanyar gida sai da ya wuce ta. Ya ce wa Rinten ba kujerar amshin da ya rasa ce ta fi ƙona masa rai ba, a'a, yadda Bli ya san daidai inda zai soka, don shi da kansa ya nuna masa wurin.

Ana gobe biki matar Mendra ta zo da ayaba soyayya a ganye, ta ce maigidanta ya sa an shimfiɗa wa Rauh tabarma a gaban makaɗa, wurin manya. Rinten ta ce, "Ka gani? Kunya ce ta kama shi, ban-haƙuri ne. Ka je, maigida, kada a ce kai ne mai riƙo." Ya yi ta gunaguni, amma da safe ya ɗaura farin ɗankwalinsa ya bi jerin gwano zuwa idon ruwa, mata na gaba da tulin 'ya'yan itace a ka, hayaƙin turare na bin kowa. Ya zauna inda aka nuna masa. Ya harɗe hannuwa, ya kawar da kai, ya ƙudurta ko kallo ba za su ishe shi ba.

Mendra ya ja hanci, ya sauke kafaɗa, ya buga.

Kafin Rauh ya ankara, hannunsa na dama ya zame ya sauka kan gwiwa ya kama aiki. Na goma ya zo, na sha ɗaya ya zo, duk suka zo a guje, ba wanda ya ɓace. Hawaye ya cika masa ido. Ashe yana nan! Ya ɗaga kai don ya ga ko Bli ya gani, sai ya ga abin da bai yi tsammani ba. An shimfiɗa tabarmar ne daidai saitin Darsa. Idon Darsa ba ya kan farantansa, yana kan gwiwar Rauh, ƙur. Mendra kuwa, yana bugu yana yi wa ɗansa nuni da haɓa: duba can, duba da kyau.

To, a nan ne ya gane. Ba ban-haƙuri ba ne. Mendra ya san sarai amshin ɗansa ba shi ba ne, ya kuma san inda na gaskiyar yake da yadda ake fito da shi. Sun karɓe kujerar, yanzu kuma sun zaunar da shi su tatsi kiɗan daga hannunsa, ko tambayarsa ba a yi ba. Rauh ya sa hannun hagu, wanda aikinsa duk rayuwa shi ne sa tagulla ta yi shiru, ya damƙe wuyan na dama ya danne shi a cinya. Hannun na ta zillo kamar kifin da aka fitar daga ruwa, shi kuma yana riƙe, har aka gama. Da aka zo wurin shirun nan na bugu bakwai, Darsa ya cika shi taf da bugu, alloli suka shiga ruwa cikin hayaniya. Kwana huɗu shatin yatsu na wuyan hannunsa.

Washegari Mendra ya same shi a gona, ya tsaya a kan kunya, shi kuma yana cikin taɓo.

"Ka san ba shi ba ne," in ji Rauh, bai ko juyo ba.

"Na sani."

"To don me?"

"Ɗana ne, Ngah. Ya dawo da takarda, ba wanda ya ba shi wurin zama. Kullum yana ɗaki kamar mai jego. Ina so in ga gwiwarsa kusa da tawa kafin in mutu."

"Da ka tambaye ni."

"Da ka ba shi?"

"Da na koya masa har ya iya. Kujerar ce dai sai bayan raina."

"Shi ya sa," in ji Mendra. Sannan ya ƙara da cewa, "Ka zo rumfa. Ka zauna a baya kawai, ba sai ka yi magana da ni ba."

"Ranar da agwagin nan suka koyi kiɗa, ka aiko, mu zo tare."

Bai je ba. Biki uku aka yi, duk ranar sai ya kora agwaginsa can gonakin ƙetaren tudu inda sauti ba ya kaiwa. Yana jin kiɗan kwance a hannunsa, wannan ya ishe shi, nasa ne, ba wanda zai taɓa. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Mendra, sau biyu yana aikowa. Na farko Rauh ya ce yana da aiki. Na biyu Rinten ta tsaya a kansa ta ce, "Wai kai zuciyarka dutse ce? Mutumin nan tafiya zai yi!" Ya ce ai ya taɓa zuwa bakin gadon nan sau ɗaya, ya ga abin da ya jawo masa. Kwana shida bayan haka aka buga gungume, Mendra ya rasu. Ya ɗauki gawar tare da sauran maza, don wannan dole ne, bai yi kuka ba.

Sai da hayaƙin ƙona gawar ya kwanta sannan tsoro ya shige shi. Shekarunsa sittin, gwiwoyi sun fara ciwo, in ya bi Bli yau, shirun nan na bugu bakwai ya tafi ke nan har abada, Pekak kuma ba don a binne ya ba shi ba. Ya yi mako biyu yana juya abin. Rannan da hantsi ya kafa gorarsa a ƙofar rumfa, ya aika aka kira Darsa.

"Zauna nan, hagu da ni. Matso, ba cizo nake yi ba. Buga kiran ubanka, ka kuma buɗe idonka, don sau ɗaya zan yi maka kyauta, na biyu da zagi."

Darsa ya zauna, ya ce, "Na gode, Bapa." Ya ɗaga guduma ya fara. Ba ƙarya, kiran Mendra ne, bugu da bugu, bai bar ko ɗaya ba. Sai dai a miƙe yake zaune kamar yadda aka koya musu a makaranta, kafaɗa ba ta sauka, hanci ba ya ja, gwiwarsa na can a naɗe cikin ladabi, ƙanshin sabulu yake yi. Rauh ya yi tara. Ya jira na goma. Kiran ya wuce shi, yana barin ramuka ɗaya bayan ɗaya, ba mai shiga.

"Sake."

Aka sake. Tara.

"Ja hanci kafin ka hau. Sauke kafaɗar. Ba haka ba! Zungure ni da gwiwa, ɗan nema, zungure ni!"

Darsa ya yi duk abin da aka ce, ya ja hanci, ya zungura, amma ko dai ya riga lokaci ko ya makara. Suka yi ta yi har rana ta take tsaka, agwagi na ta kuka a ƙofa don ba a kai su ruwa ba. Hannun da ya taɓa dannewa da ƙarfin tsiya yana kwance a kan tagulla, a sake, ba mai riƙe shi, ya ƙi motsi.

"Ko mu bari sai gobe, Bapa?" in ji Darsa.

Rauh ya dubi wurin da Mendra ya saba zama, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, ba da Darsa yake ba:

"Ka ce mini ba yanzu za ka mutu ba, Bli. Sau biyu ke nan kana saɓa mini alkawari."

Ya ajiye gudumar, ya fita ya zare gorarsa, agwagi suka bi bayansa.